Yadda Dukiyar Gida Ta Ƙanƙance Har Ta Shige Tafin Hannun Yaro

Duk gidan da ke da yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku ya san cigiyar safe. Makullin babur ya yi ɓatan dabo, wayar uwar gida ba ta inda aka jona ta, katin cirar kuɗi ya bar aljihun da ya kwana. A ɗaga katifa, a zazzage kwandon wanki, a leƙa cikin takalma, daga bisani a tsamo abin a cikin randa, in an yi sa'a bai bi kwata ko masai ba. Hukuncin da ake yankewa nan take shi ne yaran yanzu sun fi na da ƙiriniya da ɓarna. Tarihi bai goyi bayan wannan hukunci ba. Babu wata shaida da ke nuna cewa yaron da ya fara tafiya ya taɓa zama wani abu dabam da mai ɗauka, ya tafi da abu, ya cusa shi a wani lungu, ya wuce abinsa. Kayan ne suka sauya. Ƙarni bayan ƙarni abin da magidanci ke dogaro da shi yana ta raguwa a jiki yana ƙaruwa a daraja, har aka iso zamanin da arzikin gida duka ke iya shiga hannun ɗan yaye. Su kuwa masana shari'a da likitoci da masu nazarin yara, duk da ba zamaninsu ɗaya ba, sun yi ta isowa matsaya guda: alhakin ajiya yana kan babba.

Farkon labarin shi ne makulli, domin shi ne abu na farko da mutum ya ƙera wanda ɓatansa ya fi ƙimar jikinsa zafi. Marubucin Rum Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ruwaito cewa wani maƙeri Bagirke, Theodorus na tsibirin Samos, shi ya ƙago makulli. Wannan ruwaya ce kawai, irin wadda mutanen da ke yi don kowace fasaha ta sami uba. Masu bin tarihin makulli suna kai asalinsa can baya, ga ƙasashen Masar da Iraƙi ta yau, inda aka yi amfani da sakata ta itace mai ƙusoshi da ke faɗawa cikin ramuka, sai an zura mabuɗi mai haƙora a ɗaga su. Abin lura shi ne girman mabuɗin. Katako ne mai tsawon hannu, kuma zane-zanen tukwane da duwatsun kaburbura na Girka suna nuna matan da ke tsaron gidajen bauta ɗauke da mabuɗin tagulla a kafaɗa. Yaro ɗan shekara biyu zai iya jan irin wannan a ƙasa, amma ba zai ɓatar da shi a cikin takalmi ba.

Rumawa ne suka fara ƙanƙantar da makulli da ƙarfe, kuma da alama nan da nan suka gane haɗarin abin da suka yi, domin sun riƙa ƙera shi a jikin zobe, ana sawa a yatsa. An tono irin waɗannan zobba da yawa a duk inda mulkinsu ya kai. Dabarar ɗaure makulli a jiki ta daɗe bayansu: matan gida a ƙasashen Turai sun shafe ƙarnoni suna rataye makullan ɗakin ajiya a ɗamara. Ta fuskar shari'a kuma, kundin dokokin da Sarki Justinian ya sa aka tattara a 533 ya ajiye ra'ayin malaman dokar Rum cewa ɓarnar da ƙaramin yaro ya yi ba ta da bambanci da ɓarnar da dabba ta yi ko tubalin rufi da ya faɗo, saboda babu niyyar laifi a cikinta. Shekara bakwai ita ce iyakar da dokarsu ta tsayar wa wannan ƙuruciya.

Fiƙihun Musulunci ya tafi da batun nesa da haka, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya. Hadisi sananne ya sa yaro cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, har sai ya balaga, wato babu zunubi a kansa. Amma dukiyar mutane fa? Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda littafinsa ya zama madogarar alƙalan Malikiyya har a ƙasar Hausa, ya raba mas'alar gida biyu. Idan yaro ya lalata kayan wani ba tare da an danƙa masa ba, ana yin ranko daga dukiyar yaron, don kada haƙƙin mai kaya ya salwanta. Idan kuwa mai kayan ne da kansa ya ba yaro ajiya, ko ya ranta masa, abin ya halaka, to babu ranko, ko da iyayen yaron sun yarda da ajiyar. Dalilin da malamai ke bayarwa shi ne mai kaya ne ya ɗora yaron a kan kayansa, shi ya yi sakaci. Wannan hukunci ya fi shekara 600, amma ya yi daidai da uban da ke miƙa wa ɗansa makullin mota don ya yi shiru a wurin ɗaurin aure, sannan ya ɗauko bulala idan makullin ya ɓata. Alƙalin da ya karanta Muhtasar ba zai ba wannan uba gaskiya ba.

A ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 dukiya ba abin da za a ɓatar cikin sakaci ba ce. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya, kuma ya bayar da labarin yadda ya ga mutane sun taru a Tasawa suna ƙirga wuri 500,000 da hannu. Yaron da ya damƙi wuri cike da hannu ya watsar a bayan danga bai taɓa arzikin ubansa ba. Sauran dukiyar kuwa hatsi ne a rumbu, dabbobi a turke, tufafi a adaka, tasoshi jere a ɗakin amarya. Abin da ke da ƙanƙanta da daraja, kamar azurfar mata da 'yan kuɗin cefane, yana ɗaure a bakin zani ko a cikin lalita a ƙugu. Nono da man shanu da ragowar tuwo suna rataye a ragaya, inda kyanwa da kaza da yaro duk ba sa kaiwa. Ga kuma idanu: gidan gandu yana da kishiyoyi da matan ƙanne da yayye mata masu raino, kuma idan lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, sau da yawa gidan kaka ake kai yaro, daidai lokacin da hannunsa ya fi ƙaiƙayi. Duk da haka abubuwa na ɓata, kuma akan ce aljanu ne suka ɗauke, har wasu su je wurin mai duba. Wannan faɗar mutane ce, ba abin da za a kafa hujja da shi ba, ko da yake ta kan kuɓutar da yaro daga duka.

Shekarun 1860 ne suka kawo makullin da muka sani. Linus Yale ƙarami, ɗan Amurka, ya yi rajistar kwaɗonsa a 1861 da 1865, mai ɗan siririn makulli shafaffe mai tsaga-tsaga a gefe, wanda ke shiga kowane aljihu, kuma kowace kafar ƙasa. A daidai wannan zamani aka fara kallon ƙaramin yaro a matsayin abin nazari. Charles Darwin ya riƙa rubuta abin da yake gani a ɗansa na fari, wanda aka haifa a 1839, ya kuma buga bayanin a 1877. A ciki ya ambaci ranar da yaron, yana da shekara biyu da wata bakwai da 'yan kwanaki, ya fito daga ɗakin cin abinci yana wani noƙe-noƙe, ashe garin sukari ya sha. Bayan mako biyu ya sake fitowa ya nannaɗe gaban rigarsa yana cewa babu komai a ciki, alhali ruwan wani abu mai tsami da ya ɗauka ya ɓata rigar. Darwin ya lura cewa ba tsoron duka ne ya sa yaron haka ba, domin ba a taɓa hukunta shi ba. Za mu sake buƙatar wannan labari a gaba.

A ranar 6 ga Janairun 1907 likita Maria Montessori ta buɗe gidan renon yara a unguwar matalauta ta San Lorenzo a birnin Rum. Ta bayar da labarin abubuwa biyu da suka sauya tunaninta. Yaran sun riƙa bin malamarsu duk lokacin da za ta mayar da kayan koyo cikin kabad, malamar tana ɗaukar hakan rashin jin magana, ashe so suke su mayar da kowane abu wurinsa da kansu. Wata rana kuma malamar ta manta ba ta kulle kabad ɗin ba, ta zo ta tarar sun kwashi kaya, ta kira abin sata. Montessori ta ga yara ne da suka san abin da suke so, sai ta sa aka yi kantoci gajeru daidai tsayinsu. Darasin da ta fitar ya saɓa wa abin da iyaye ke zato: yaro yana son tsari, matuƙar an nuna masa gurbin abu kuma hannunsa na kaiwa. A waɗannan shekaru ne kuma kuɗin Turawa suka fara korar wuri a ƙasashenmu, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Kwabo da anini masu huda ne a tsakiya, ana zura su a zare, amma sisi da sule ba su da huda, kuma sule guda da yaro ya jefa a rijiya asara ce da gida zai ji a jikinsa.

Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya bi sawun Darwin da 'ya'yansa uku, waɗanda aka haifa a 1925 da 1927 da 1931, ya fitar da sakamakon a littattafai biyu a 1936 da 1937. Shi ya nuna cewa jariri sai a hankali yake koyon neman abin da ya ɓace wa idonsa. Ɗan wata tara ko goma, idan aka saba ɓoye masa abin wasa a ƙarƙashin ƙyalle na dama, sannan aka mayar da shi na hagu yana kallo, dama zai koma ya nema. Sai wajen wata 18 zuwa 24 yake iya bin sawun abin da aka kawar ba a gabansa ba. Masu bincike na baya, musamman Renée Baillargeon a 1985, sun nuna cewa jarirai sun san abu bai gushe ba tun da wuri fiye da yadda Piaget ya zata. Amma babban abin da ya gano bai rushe ba: saka abu a cikin wani abu, rufewa, buɗewa, sake sakawa, aikin koyo ne da ƙwaƙwalwar wannan shekara ke nema kamar yadda ciki ke neman abinci.

Shekarar 1967 ta haɗa abubuwa biyu da suka ja akalar wannan tarihi ta fuskoki masu karo da juna. A watan Yuni aka kafa injin cirar kuɗi na farko a Enfield da ke arewacin Landan, mafarin tafiyar da ta mayar da ajiyar banki ɗan kati. A garin Windsor na Kanada kuma, likitan yara Henri Breault, wanda ya gaji da wanke cikin yaran da suka sha magungunan iyayensu, ya jagoranci fito da murfin kwalba wanda sai an danna sannan a murɗa. Kafin nan an yi ta wa'azi ga iyaye su lura, adadin yaran bai ragu ba. Da murfin ya bazu a yankin, aka ba da rahoton cewa shan guba tsakanin yara ya ragu da kashi 91 cikin ɗari. Amurka ta mayar da irin wannan murfi doka a 1970, kuma har yau ana jarraba shi ne da hannun yara 'yan wata 42 zuwa 51. Babu wata hujja a duk wannan tarihi da ta kai ta Breault ƙarfi. Gargaɗi da faɗa sun gaza, sauya jikin kwalba ya yi aiki. Mu da har yanzu ake ɗura kananzir da fiya-fiya a robar lemo a ajiye a gindin gado, wannan darasi bai iso mu yadda ya kamata ba.

Binciken shekarun 1980 ne ya amsa tambayar da ta fi ƙona wa iyaye rai, wato me ya sa yaro zai tsaya yana kallon uwarsa tana haƙilon nema, tana cewa "Ina ka kai makullin Baba?", shi kuwa ko a jikinsa. A 1983 Heinz Wimmer da Josef Perner suka gwada yara da labarin wani yaro da ya ajiye alewarsa a wani wuri ya fita, uwarsa ta sauya mata wuri. Da aka tambaye su ina zai nema idan ya dawo, yawancin waɗanda ba su kai shekara huɗu ba sai su nuna sabon wurin, domin ba su iya raba abin da su suka sani da abin da wani ya sani ba. Ɗan shekara biyu, ke nan, bai fahimci cewa wurin da ya cusa makulli asiri ne ga uwarsa ba. A 1988 Andrew Meltzoff ya nuna cewa 'yan wata 14 suna kwaikwayon wani baƙon aiki da suka ga babba ya yi, har bayan mako guda. Wannan ya bayyana dalilin da yaro ke tsallake motar roba ya nufi waya da makulli da tabarau: su ne ya ga manya ba sa rabuwa da su. Chris Athey ta Ingila, a littafinta na 1990, ta jera ɗabi'un wasa da yara ke maimaitawa, ciki har da jigilar kaya daga wuri zuwa wuri da lulluɓe su da zuba su cikin mazubi. Daga baya, a 2012, Karen Adolph da abokan aikinta a New York suka ƙirga cewa yaro mai koyon tafiya yana taka sawu 2,368 a awa guda, ya faɗi sau 17. Mai wannan zirga-zirga, da abu a hannu, ba a cikin ɗaki ɗaya zai bar shi ba.

Akwai masu cewa wannan duk shagwaɓa yara ne da sunan ilimi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma labarin ɗan Darwin da kansa ya nuna yaro na iya ɓoye abu da gangan. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don haka sai a rarrabe. Ɗan Darwin ya ɓoye abin da yake so ya ci ne, ya kuma san an hana shi, yana dab da shekara uku. Wannan wuri ne na tarbiyya, kuma babu mai cewa a ƙyale. Makullin da aka tsinta a cikin buhun shinkafa ba irin wannan ba ne, yaron bai ci ribar komai ba, bai ma san an yi asara ba. Dukansa bayan awa biyar da faruwar abin ba ya koya masa komai game da makulli, abin da yake koya masa shi ne ya yi shiru idan ana cigiya. Hakan kuwa asara ce ta biyu, domin binciken Judy DeLoache da Ann Brown a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna yara 'yan wata 18 zuwa 30 suna tuna inda aka ɓoye abin wasa a gidansu sosai, idan an mayar da abin wasan ɓuya. Yaron da aka tambaya cikin lallashi yakan ja hannun babba ya kai shi wurin. Wanda aka daka wa tsawa kuka kawai zai yi. Tanƙwara icce a wannan shekara ita ce nuna masa gurbin takalminsa da kofinsa har ya saba mayarwa, kamar yadda Montessori ta gani.

Zamaninmu ne ya kai ƙanƙancewar kaya maƙura. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001. Layin waya, wanda a 1991 girmansa ɗaya da katin banki, ya koma milimita 12.3 da 8.8 a 2012, bai kai farcen babban yatsa ba. A 2014 aka fara ɗaure asusun banki da lambar BVN, a Disambar 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN, sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har mai sayar da ƙosai karɓar kuɗi ta waya. Makullin mota ma ya daina zama ƙarfen da mai yankan makulli zai kwafa a bakin kasuwa, tun da ƙasashen Turai suka wajabta na'urar hana sata a sababbin motoci a 1998. Wayar da ta faɗa bokitin wanki yau ta tafi da asusu da lambobin abokan ciniki da hotunan iyali, ta kuma jawo kwanaki na bin layi a ofisoshi. A lokaci guda gidan ya tsuke. Ma'aurata da yawa a birane suna ɗaki ɗaya ko ciki da falo na haya, babu kaka, yayye suna makaranta, uwa ita kaɗai da girki da wanki da sana'a. Wanda zai ce talaka ba shi da halin sayen kabad mai makulli ya faɗi gaskiya, sai dai abin da ake bukata bai wuce ƙusa a bango sama da inda yaro ke kaiwa ko ya taka kujera, da jaka guda da kowa a gidan ya san nan ne mazaunin makulli da kati.

Hukumomi ma, da asarar ta koma ta cikin waya, gefen da Shehu Halil ya tsaya suka tsaya. A Janairun 2014 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, kuɗin da yara suka kashe suna danne-danne a cikin wasannin waya ba da izinin iyaye ba, kuma Google ya amince da dala miliyan 19 a wannan shekarar. Ba a tuhumi yaran ba, wanda ya bar ƙofa a buɗe aka tuhuma. A Afrilun 2021 Apple ya fito da AirTag, ɗan maɓallin da ake maƙala wa makulli don waya ta nuna inda yake. Cikin 'yan watanni hukumar kare masu sayayya ta Ostireliya ta gargaɗi iyaye su nisanta shi daga yara, saboda ɗan batirin da ke cikinsa mai kama da kwabo, wanda idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona nama cikin awa biyu. A Agustan 2022 Amurka ta kafa doka, wadda aka sa wa sunan wata yarinya 'yar wata 18 da ta rasu bayan ta haɗiyi batirin rimot, ta wajabta wa masu ƙera kaya su rufe gurbin irin wannan batiri yadda hannun yaro ba zai iya buɗewa ba. Rimot da tocila da kayan wasa masu arha da ke cika kasuwanninmu, da yawansu murfin batirinsu da farce ake ɓalle shi.